Ɗanlami, Na'urarka Na Nan Kunne

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma komai daɗewa. Ranar Alhamis, sha biyar ga watan Mayu na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗanlami Sufyanu a ƙofar gidansa da ke Agiye, yana da shekara sittin da uku. An kai shi makwancinsa bayan azahar, cikin zafin bazarar da ya sa ko masu haƙar kabari sai da suka riƙa karɓar juna. Ya bar matarsa Shatu da ƴaƴa biyar, biyu daga cikinsu ba su kai hankali ba. Ya kuma bar wata tsohuwar na'ura kunne a cikin ɗaki, kuma ita ce ta hana ni sakat yau kwana tara.

Ni Sabo ne, na Gazawa. Mahaifiyar marigayi ƙanwar mahaifina ce, wato shi taubashina ne, kuma shekara sittin muka yi ban taɓa gaishe shi ba tare da na haɗa da tsiya ba. Saboda haka duk wanda ya ji na yi masa magana a nan kamar yana zaune gabana, ya yi mini uzuri. Ban iya wata hanyar ba.

Ɗanlami, an haife ka Alhamis a Sae Sabuwa, ka koma Alhamis. Tun muna lakol, wato makarantar boko, ba ka ganin abu a rufe ka bar shi. Kai ka kwance rediyon mahaifinka don ka ga inda mutumin ciki yake zama, ka sha bulala, washegari ka mayar da ita tana magana fiye da da. Lokacin da wani furoje na Turawa, aikin raya karkara, ya sauka Agiye, farkon shekarun casa'in, aka ɗauke ka kula da injin wuta. A buro ɗinsu, wato ofis, ka fara ganin ordinatar, kwamfuta ke nan, wata ƙatuwa mai launin ƙasa da allo baƙi. Ba wanda ya koyar da kai. Wani littafi ka tsinta wanda bangonsa ya cire, ka yi ta fama da shi har ka fi waɗanda suka zo da na'urar sanin cikinta.

Matasan yanzu ba za su gane aikin da ka ƙware a kai ba, don haka bari in faɗa musu yadda ka faɗa mini. A wancan zamani disket ɗaya, ɗan faifan da ake ajiye rubutun na'ura a ciki, ba ta ɗaukar abin kirki. Masu rubuta manhaja sai su matse ta, su dunƙule ta har ta shiga, sa'an nan su hargitsa rubutunta don kada wani ya karanta ko ya kwafa. In ka leƙa ciki ba ka ganin komai sai tarkace, kamar kaji sun yi tono a kan allo. Wasu kuma suna ƙara mata ɗan makulli na roba da ake sokawa a bayan na'ura. In manhajar ta tashi ta laluba ba ta ji shi ba, sai ta ƙi aiki, ko ma ta shafe kanta. Na tambaye ka wata rana yadda kake buɗe abin da ba kai ka kulle ba, ina nufin in ce maka ɓarawo. Sai ka ja ni bayan gida, ka nuna mini wata bushiya da ta dunƙule a gindin rumbu.

Ka ce, "Sabo, ka taɓa ganin wanda ya ɓare bushiya da ƙarhi? Sai dai ya sha ƙaya. Aje ta akai, a yi shuru. Dole ta miƙe, don ba ta iya tahiya a dunƙule. Ita ma wagga hakanan take, ba ta aiki sai ta warware kanta cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Ni ba ni buɗe ta. Jira nikai ta buɗe kanta, in kama ta nan."

Daga ranar na sa maka suna makiyayin bushiya, kuma ba ka taɓa musu ba. Na sha zama kusa da kai ina kallon wannan kiwo. Kana bin manhaja taki ɗaya bayan ɗaya, kowane danna maɓalli taki guda, kana rubuta lambobi cikin kaye, littafin rubutun ƴan lakol, da fensir da ka fiƙe da reza. Wani lokaci kwana huɗu kana bin ta, sai ta farga ana bin sawunta, ta daskarar da na'urar, ka koma farko. Ba ka zagi, ba ka tsaki. Ka kan ce wanda ya kulle ta mutum ne irinka, kuma duk mai gina katanga sai ya bar wa kansa ƙofa. Abin da kake nema shi ne wani ɗan tsakani, bayan ta gama warware kanta, kafin ta laluba makullinta. A nan kake tsayar da ita cak, ka kwashe ta a buɗe ka zuba cikin sabuwar disket. In aka kashe na'urar kafin ka kwashe, duk wahalar ta tafi, domin abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ba ya kwana sai da wuta.

Alherinka da yawa na ji shi ne a zaman makoki, daga bakin mutanen da ban sani ba. Wata tsohuwar ungozoma mai suna Basira ta zo tun daga wajen Gidan Rumji a motar haya. Ta ce shekarun baya manhajar da suke rubuta rigakafin yara a ɗan asibitinsu ta kulle bayan an sauya musu na'ura, sunayen yaran garuruwa goma sha ɗaya suna ciki, ba su san wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, ga ƙyanda ta shigo. Ka hau babur ka je, ka yi kwana uku kana kwana a barandar asibiti. Da ka buɗe, suka rasa abin da za su ba ka, sai ka ce a dama maka fura da nono mai tsami. Tana faɗa tana kuka, ni kuwa na ce mata ai kin yi sa'a, da ni ne ya yi wa aiki sai ya cinye mini rumbu.

Na kuma tuna ranar da wani mai hali ya tsayar da mota a ƙofar gidanka. Yana so ka buɗe masa manhajar wani buro a rage wa ɗansa shekaru uku don ya samu shiga aiki. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa, ka saurare shi har ya gama. Sa'an nan ka ce masa kai kana buɗewa ne don a gani, ba don a sauya ba. Ya tafi yana faɗin maganganu, kuma na san ka yi shekaru kana shan sakamakon wannan amsa. Amma ita ce ta sa yau mutanen da ba su yarda da juna ba suka yarda da kai.

Ba kowane ƙunshi ne ka buɗe ka yi murna ba. Akwai wani wasan kati da ma'aikata suke kwafa daga buro zuwa buro. Ka warware shi don son sani kawai, sai ka iske a ƙarƙashinsa wani abu yana ƙirga kwanaki, an tsara shi ya shafe duk abin da ke cikin na'ura in wata rana ta zo. Saura kwana goma sha shida. Ka bi buro-buro daga Agiye har Gazawa kana cire shi, wasu suna yi maka dariya. Waɗanda suka hana ka taɓa na'urorinsu sun zo gidanka a rana ta goma sha bakwai. Ka ce mini tun daga lokacin ba ka ƙara ganin abu a dunƙule ba tare da gabanka ya faɗi ba.

Duniya ta wuce ku, kai da disket ɗinka. Wayar hannu ta zo, kowa ya zama masani, ka koma gyaran fanka da fitilun sola. Tsohuwar na'urar nan ka ƙi rabuwa da ita, ka lulluɓe ta da tsohon zanen Shatu, duk Juma'a ka kunna ta ta sha iska. Na ce maka kana jinyar gawar ƙarfe. Ka ce in bar ta, tsohuwar rijiya ba a zuba mata shara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sakat.

Tsakanin Agiye da Gazawa akwai wani gari, Dogon Marke, da rijiyarsa, da burtalin da garkunan shanu suke bi su haura arewa in damina ta faɗi. A shekarar 1997 aka yi faɗa a bakin rijiyar tsakanin manoma da makiyaya. Ina aikin gona na gwamnati a lokacin, kuma ina cikin waɗanda suka fara isa. Mutum bakwai na gani an jera ƙarƙashin marke an rufa musu tabarmi, ƙafafunsu a waje, wasu da takalmin roba, wasu babu. Ban taɓa ba iyalina labarin ba. Bayan haka ne mutanen furoje suka auna burtalin, aka kafa turakun siminti ɗari da goma sha huɗu, ni ne mai riƙe sandar awo. Wurin kowane turke an rubuta shi a takarda, an kuma sa shi cikin wata manhaja da suka matse suka kulle.

Furoje ya tashi, makullin roba ya bi su ko ya ɓace. Gara ta cinye takardun a cikin kwabad. Turakun kuwa, wasu yashi ya binne, wasu aka tumɓuke, na ga ɗaya da idona an mai da shi wurin zaman mai sayar da shayi. Gonaki suka yi ta cin burtalin taki-taki, shanu suka yi ta cin gonaki. A kakar bara aka sare wa wani makiyayi hannu, aka ƙone rumbu biyu. Jandarmomi sun zo sun tafi. Mai garin Dogon Marke, Chindo, ya ce burtali ya bi ta yamma da rijiya. Arɗo Habu ya ce ta gabas, kuma kowanensu yana da tsofaffin da za su dafa Alƙur'ani. Ni da na riƙe sandar, aka tambaye ni, na kasa rantsewa, don itatuwan da na sani duk an sare su.

Sai wata tsohuwar sakatariyar furojen ta tono disket ɗin manhajar a ƙasan akwatinta. Dattawan ɓangarorin biyu suka zauna gaban liman, suka yi alkawarin cewa duk abin da Ɗanlami ya fitar daga cikinta, shi ne iyaka, ba ƙari ba ragi. Sharaɗi ɗaya suka sa, a gama kafin ruwan shuka. In ruwa ya sauka kowa zai shuka inda yake ganin nasa ne, kuma bayan sati biyu ko uku garkuna za su taso daga kudu, ba mai tsayar da su.

Disket ɗin ta yi fumfuna. Ka goge ta da auduga, ka sa ta cikin tsohuwar na'urarka, ta ƙi; sau uku tana ƙi. A na huɗu ta karantu tana ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Da ka zare ta ka duba a rana, ka ga ta kankare har ana hango haske. Ba za ta ƙara karantuwa ba, manhajar yanzu tana cikin ƙwaƙwalwar na'urar kaɗai. Ka haɗa na'urar da batura biyu na mota da fanon sola, allon nan mai shan rana, da ke kan rufin ɗakinka, ka hana kowa kunna ko fitila da su. Kwana goma sha ɗaya kana bin ta taki-taki, ba damar kuskure ko ɗaya, tunda babu komawa farko. Kulli uku aka yi mata, ɗaya cikin ɗaya. Ranar Litinin ka kira ni a waya, muryarka kamar ta mai sabon ango.

Ka ce, "Sabo, ta miƙe. Na kama ta, tana nan tsaye. Amma disket ɗina duk sun ruɓe, ba wadda ta ɗauki rubutu. Kwalin disket ɗin nan da ka ce kana da shi cikin leda tun zamanin buro, kawo mani shi yau."

Ka kuma karanta mini layi uku da za a rubuta wa na'urar ta zubo abin da ke cikinta, ka ce in rubuta ko don tsaro. Na yi dariya na ce ashe makiyayi ya fara wasiyya. Na rubuta su a bayan katin gayyatar suna da ke hannuna. Sa'an nan na ce maka gobe.

Talata na tafi sunan nan. Laraba babur ya yi faci, na ce rana ta yi, bari sai da safe. Daga Gazawa zuwa Agiye tafiyar da ba ta kai awa guda ba, motocin haya suna wucewa ta ƙofar gidana kamar tururuwa. Alhamis da hantsi na iso da kwalin a ɗaure bayan babur, ina shirya tsiyar da zan yi maka, sai na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Shatu ta ce ka fito shan iska ƙarƙashin bedi, ka ce kanka yana sarawa, ka jingina da itacen, shi ke nan. Kwana ukun nan ashe kana ta kwafar lambobin da hannu, kana juya su ɗaya-ɗaya daga lissafin na'ura zuwa namu, da idanunka da suka riga suka gaji. Ka kai turke na talatin da ɗaya. Na bakin rijiya, waɗanda ake rigima a kansu, suna farawa daga na saba'in.

Na san ajali ba ya jiran disket, kuma malamai sun faɗa mini haka. Amma ni na san abin da na yi. Ka roƙe ni abu ɗaya a shekara sittin, na ce maka gobe.

Kafin a dawo daga maƙabarta, Yaya Alhaji Hafizu, babban yayanka, ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin aikinka, ya rantse ba mai taɓa ko allura sai an yi arba'in, babban ɗanka Mubarak ya dawo daga wajen haƙar zinariya a arewa, an raba gado. Mubarak kuwa waya ba ta shiga inda yake. Ban ga laifin Yaya ba. Akwai marayu ƙanana, kuma duk mun ga gidajen da suka watse a kan abin da bai kai rediyo ba, don wani ya shiga ɗakin mamaci shi kaɗai. Na yi masa bayani, ya saurare ni, ya ce in na'urar ta mutu a sake kunna ta bayan arba'in, ai ƙarfe ba ya ruɓewa. Na rasa yadda zan fahimtar da shi cewa abin da ke ciki ba ƙarfe ba ne, ya fi kama da ruwa a tafin hannu.

Na'urar tana nan kunne. In ka tsaya jikin ƙofar kana jin ƙarar ƴar fankarta. Shatu, da take cikin takaba, ita ce kullum da safe take taka turmi ta goge fanon sola da gefen mayafinta, domin ta ga kana yi. Ta gaya mini daga bayan labule cewa ɗakinta bango ɗaya ne da naka, kuma muddin tana jin ƙarar nan sai ta ji kamar ba ka gama fita daga gidan ba. Shekaranjiya hadari ya taso daga gabas, ya rufe rana tun azahar har la'asar, ya yi iska ya watse bai zubar ba. Ta ce a lokacin wani abu a cikin ɗakin ya riƙa yin ɗan kuka siriri, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya, sai da rana ta fito ya yi shiru. Na san kukan. Baturan ne suke faɗin sun kusa ƙarewa.

Ranar sadakar bakwai mai gari Chindo ya zo da mutanensa, Arɗo Habu ya zo da nasa. Waɗannan suka zauna a wannan bakin tabarmi, waɗancan a wancan, ba wanda ya miƙa wa wani hannu. Na lura samarin da suka rako su ba su shigo ba, sun tsaya jikin baburansu. Da aka shafa fatiha Arɗo ya matso kusa da ni, ya yi mini gaisuwa, sa'an nan ya rage murya.

Ya ce, "Malam Sabo, ta yi magana kafin ya tahi?"

Na ce ta buɗe baki, ba ta kai ga faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Ya ce shanunsu sun fara ɗaga kai suna shaƙar iskar gabas, kuma shi tsoho ne, akwai iyakar inda maganarsa take kaiwa wajen samari. Chindo bai tambaye ni komai ba. A hanyar komawa gida na ga matan Dogon Marke suna sussukar iri a bakin gari.

A wannan zama liman ya roƙa maka gafara, muka ce amin. Ya roƙa mana damina mai albarka, Allah Ya kawo ruwa da wuri, jama'a duka suka ce amin. Ni ɗan manomi ne, jikan manomi, tun da na yi wayo ban taɓa jin an roƙi ruwa na yi shiru ba. Ranar nan bakina ya ƙi buɗuwa. Allah Ya gafarta mini.

Ɗanlami, Allah Ya jiƙanka da rahama. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sauƙaƙa maka tambaya. Yadda ka yi haƙuri da abubuwan da aka kulle har suka buɗe, Allah Ya buɗe maka ƙofofin Aljanna ba tare da jira ba. Yaran da aka yi wa rigakafi ta dalilinka, da duk wanda ka yi wa aiki ka ƙi karɓar godiya, Allah Ya sa su a mizaninka. Ka yafe mini, taubashi, in ana jin irin wannan a inda kake.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shatu, Allah Ya ba ki haƙuri da ladan jinyar abin da ya bari. Ga Mubarak da ƙannensa, Allah Ya raya ku Ya shirya ku. Duk wanda ya karanta wannan kuma yana da hanyar kai masa saƙo, ya ce masa ya kira gida yau. Ga dangi na Sae Sabuwa da Gazawa, da mutanen Agiye baki ɗaya, Allah Ya ba mu jure rashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ga Yaya Alhaji Hafizu kuwa, bayan ta'aziyya ina da roƙo, kuma na yi shi a bainar jama'a ne don kada a ce mun ƙulla wani abu a ɓoye. Yaya, rantsuwa tana da kaffara, kuma ni zan yi azumin tare da kai. Ka kira liman, ka kira Chindo da Arɗo, ka tsaya a kaina. Minti goma nake nema. Ba zan ɗauki ko fensir ba. Disket ɗin tawa ce, ba ta cikin gado. Da ita zan shiga, da ita zan fito. Na ga mutum bakwai ƙarƙashin marken nan, ba na so in ƙara ƙirga ƙafafu.

Yanzu da nake rufe wannan takarda gabas ta sake yin baƙi. Disket ɗin da katin sunan suna cikin aljihun rigata, kuma ba zan ƙara cewa gobe ba. Ina gama sa hannu zan hau babur, Yaya, ka same ni zaune a ƙofar ɗakin.

Sabo na Gazawa